Jirgin Kaya Na Kwali Da Kara

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ko wanenmu ya san darasin nan na hanyoyin jirgin ƙasa da a ke koya wa 'yan aji biyar da aji shida. Malam ya zana taswirar Nijeriya a allo, ya ja layi daga Ikko, watau Legas, zuwa Kano, ya ja wani daga Fatakwal zuwa Kaduna. Yara su kwafa, su haddace, ran jarrabawa su zuba, bayan mako biyu kuwa babu sauran kome a kansu. Laifin ba nasu ba ne. Yaron Suleja ya san tirela, ya san tankar mai, amma garinmu ba ya bisa hanyar dogo. Tsohuwar hanya ta bi ta Minna, wajen kilomita 100 daga nan. Sabuwar da aka buɗe a 2016 tsakanin Abuja da Kaduna ta bi ta Kubwa, jirgin fasinja ne kuwa aka fi gani a kanta. Saboda haka da yawa cikin yaranmu ba su taɓa ganin jirgin kaya da idonsu ba.

Gani ya kori ji. Tun da ba mu iya kai aji duka tashar Minna ko wane mako, sai mu kawo jirgin cikin aji. Ba abu ne mai wuya ba, gama yaranmu tun da can gwanaye ne wajen ƙera motar kara da ta gwangwani da ta langa-langa. Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare a nan Suleja, ni da 'yan aji biyar mun ƙera taragai goma cikin mako shida. Abin da na lura shi ne, abubuwa uku ne su ke raba abin wasa da kayan koyarwa: yadda aka haɗa tarago da ɗan'uwansa, abin da ya ɗauko, da kuma alamun aiki da tsufa da ke jikinsa. In ukun nan suka faɗi gaskiya, yaro ya karu. In suka yi ƙarya, to, mun koya masa ƙarya ke nan da hannunmu, har ma ta fi ta allo zama a ka.

Kada wani ya ce wannan aikin yara ne kawai. A Ingila da Amurka da Jamus manya masu furfura su kan kashe kuɗi da lokaci wajen ƙera ƙananan jiragen ƙasa. A birnin Hambag na Jamus akwai wani gida da a ke kira Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, mutane na biyan kuɗi su shiga kallon irin waɗannan jirage. Su ma abubuwan nan uku su ne su ka fi mai da hankali a kai.

AWO TUKUNA

Kafin a yanka kwali ko ɗaya, a tsai da awo, watau sau nawa aka rage girman abin. Masu wannan sana'a a Turai sun fi yin 1 bisa 87, mutanen Ingila kuwa 1 bisa 76. Waɗannan sun yi ƙanƙanta ga hannun yaro da kayan da mu ke da su. Ni na ga 1 bisa 35 ya fi mana, ga dalili. Faɗin tsohuwar hanyarmu, daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ƙafa 3 ne da inci 6, watau milimita 1,067. In ka raba da 35 za ka sami kusan santimita 3. Sabuwar hanya faɗinta milimita 1,435 ne, ita kuwa za ta ba ka santimita 4 da ɗan ɗigo. Da yaro ya jera su biyun bisa tebur ya gane abin da ya hana jirgin Minna hawa hanyar Kubwa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A wannan awo mutum mai tsawon mita 1.75 zai zama santimita 5. A ce tarago tsawonsa mita 10 da rabi, faɗinsa mita 2 da rabi, namu zai zama santimita 30 da santimita 7, watau tsawon rular aji daidai. A yi daɓensa da siririn katako ko kwali mai kauri, bangonsa da kwali ko tsagin kara. Marfin gorar ruwa ya isa ƙafa, amma a liƙa masa faifan kwali da ya ɗan fi shi faɗi ta ciki, don shi ne leɓen da ke hana ƙafa zamewa daga dogo. Wayar ƙafar keke ta riƙe ƙafafu biyu, ta juya cikin bututun biro. Dogon tarago ba ya shan kwana in an kafe ƙafafunsa a jikinsa, don haka a ɗora ko wane gefe bisa 'yar kujera mai ƙafa huɗu wadda ke juyawa a kan ƙusa guda, kamar yadda a ke yi wa na gaske. Dogon kansa a yi shi da tsagin gwangwala.

MAHAƊI

Mahaɗi aiki biyu ya ke yi. In inji ya ja, shi ne ke jawo na baya. In inji ya taka birki, shi ne ke tare karo. Iri uku ya kamata malami ya sani.

Na fari shi ne tsohon irin na Ingila: ƙugiya da sarƙa mai zobe uku a tsakiya, da faifan ƙarfe biyu a gefe masu tare karo. Wannan sai mutum ya rataya sarƙar da kansa.

Na biyu shi ne wanda aka sa wa taragan tsohuwar hanyarmu, ana kiransa ABC. Kan ƙarfe ne guda ɗaya a tsakiyar tarago, shi ke ja, shi ke tare karo. In taragai biyu suka gamu, madaukin wannan ya kan hau ya kama ƙugiyar wancan da kansa.

Na uku shi ne wanda wani Ba'amurke, Eli Janney, ya sami takardar mallakarsa a 1873, irinsa ne kuma ke jikin jiragen sabuwar hanya. In kana so yara su gane shi, sa biyu su lanƙwasa yatsunsu huɗu, su sarƙe da na juna, su ja. Kafin a same shi, a Amurka sai ma'aikaci ya tsaya tsakanin taragai biyu masu tahowa, ya saita zobe, ya jefa ƙusa. Mutane da yawa sun rasa yatsu, waɗansu sun rasa rai, har a 1893 aka kafa doka ta tilasta wa kamfanonin jirgi yin amfani da mahaɗi mai kama kansa. A nan ne ya kamata malami ya ja kunnen yara: ko da jirgi a tsaye ya ke, kada wanda ya shiga tsakanin taragai ko ƙarƙashinsu, gama jirgi ba ya sallama in zai motsa.

Tun da jirgin ƙasarmu mu ke so, na biyun za mu kwaikwaya. A liƙa ɗan guntun katako a tsakiyar goshin tarago, ya fito kamar santimita 1 da rabi. A kafa 'yar ƙusa a tsaye a samansa. A lanƙwasa siririyar waya ta zama madauki, a soka ƙarshenta a gefen katakon yadda za ta riƙa ɗagawa tana sauka. Madaukin wannan ya faɗa kan ƙusar wancan, shi ke nan.

Ga ka'idodi biyu. Ta fari, tilas mahaɗan duka su zama tsayinsu ɗaya daga kan dogo. A yanka katako guda ya zama ma'auni, mu mun yi namu santimita 3, ko wane tarago sai an gwada shi da shi kāna a yarda da shi. Yaran da suka yi aiki dabam dabam za su ga da kansu amfanin awo ɗaya, ranar da taragon Ladi ya ƙi kama na Audu. Ta biyu, a bar ɗan sako-sako a madaukin, kada ya ɗaure tam. Sako-sakon nan shi ke ba tarago damar shan kwana, shi ne kuma ke sa inji ya tayar da taragai ɗaya bayan ɗaya maimakon ya fizgi nauyinsu duka gaba ɗaya. A ɗaura zaren roba a taragon gaba, a ja sannu, a auna iyakar miƙewarsa. Sa'an nan a cusa takarda a mahaɗan su ɗaure, a sāke ja. Bari yara su faɗi abin da suka gani.

Kusa da mahaɗi a rataya ɗan guntun wayar lantarki mai baƙar riga, ya tsaya a matsayin bututun birki. A jirgin gaske bututun nan ya bi jirgi tun daga inji har wutsiya, an kuwa shirya shi yadda in jirgi ya tsinke, bututun ya rabu, birki zai kama da kansa a sassan biyu.

KAYA

Tarago marar kaya ba ya koyar da labarin ƙasa. Amma kafin a zuba masa kome, a tsai da shekara, a kuma tsai da inda jirgin ya nufa. Mu mun zaɓi jirgin 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Tun da haka ne, babu kwantena a jirginmu, babu buhun leda.

Hanyar da aka faro daga Baro a bakin Kwara ta bi ta Minna ta isa Kano a 1911, a Minna ɗin kuma aka haɗa ta da wadda ta taho daga Ikko. An gama gadar Jebba a 1916, dogo ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Turawa sun sa rai auduga ce za ta cika jirgin Kano, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka dukufa a kanta. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka yi ta saye, har gyaɗa ta fi ƙarfin taragan da ke akwai, aka riƙa jera buhuna ana tayar da dala tana jiran jirgi. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, da komawar hankalin ƙasa ga man fetur, su suka kawo ƙarshen dalar nan.

To, jirgin da ya nufi kudu sai a ɗora masa gyaɗa, da auduga daga wajen Funtuwa da Gusau, da fatu da ƙiraga, da shanu, da kuza daga Jos. Wanda ya nufo arewa kuwa a ɗora masa huhun goro, da gishiri, da kananzir, da siminti, da kwanon rufi, da kwal na Inugu, wanda injuna ke ci a lokacin. Ko wane kaya da irin taragonsa. Abin da ke gudun ruwa, rufaffe. A yi masa ƙofa mai zamewa don a ga buhunan ciki. Kwal da tsakuwa, buɗaɗɗe. Shanu, mai bangon shinge don su sha iska. Mai, tanki, gwangwanin madara biyu ko uku da aka haɗa baki da baki sun isa. A wutsiya kuma a sa ɗan ɗakin gadi.

Buhu a awonmu bai wuce santimita 3 ba. A ɗinka shi da tsohon ƙyalle mai launin algarara, a cika da garin katako. Ba lalle ne a cika tarago da buhuna ɗari ba. A shimfiɗa totuwar kara a ƙasa, a jera sahu ɗaya ko biyu a sama. Kwal kuwa a daka gawayi, a tankaɗe, a ɗebi tsakin, a yayyafa masa ruwan ƙaro ya kama. Shanu ba sai an koya wa yaro ba, da yumɓu ya ke gina su tun yana ƙarami, balle a garin da Ladi Kwali ta yi aikin tukwane tun daga 1954. Abin lura kaɗai shi ne kada sā ya wuce santimita 4 a doro, in ba haka ba zai fi taragon girma.

Akwai darasi mai kyau tsakanin kuza da auduga. Kuza na da nauyi ƙwarai, 'yan ƙananan buhunanta ba su rufe daɓen tarago sosai ba an riga an kai iyakar abin da zai ɗauka. Auduga kuwa sai ta cika shi har rufi bai ji nauyi ba. A ƙera su biyun yadda su ke, a tambayi aji don me wannan ya cika wancan bai cika ba. A jikin taragon gaske a kan rubuta lambarsa, da nauyinsa in babu kaya, da iyakar abin da zai ɗauka. A rubuta wa namu ma, sa'an nan lissafi ya samu: in tarago na ɗaukar tan 30, buhu ɗaya kuma kilo 75, buhu nawa ke nan? Yaron da ya ɗinka buhun da hannunsa ba ya ƙyuyar neman 400 ɗin nan.

Wajen lodi, mai nauyi a ƙasa, a raba shi daidai bisa ƙafafu, kada ya rinjaya gefe ɗaya. Kada kuma a sa tarago marar nauyi tsakanin masu nauyi biyu, gama da an zo kwana za su ja shi ya miƙe ya bar dogo. Maganin wannan shi ne a liƙa 'yan ƙusoshi a ƙarƙashin ko wane tarago har nauyinsu ya yi kusa da juna. Masu ƙera na 1 bisa 87 a Amurka har ka'ida gare su: oza 1, a ƙara rabin oza a ko wane inci na tsawon tarago, watau mai inci 6 ya zama oza 4.

ALAMUN AIKI DA TSUFA

Labarin zuciya a tambayi fuska. Taragon da ya yi shekara ashirin yana zirga-zirga tsakanin Apapa da Nguru ba ya ƙyalli kamar kwanon amarya. Amma tsufar da tarago ba shafa masa datti ba ne. Ko wane tabo da dalilinsa, da kuma wurin da ya ke zama. Don haka aikin fari kallo ne. In babu jirgi kusa, a sa yara su tsaya nesa da titi su dubi tsohuwar tirela ko tankar mai, ko tsohon kwanon rufi, su zana inda suka ga ko wane launi. Ga abin da za su tarar.

Tsatsa ba ta fara ko'ina. Ta kan fara inda fenti ya kankare: kan ƙusa, da kusurwa, da bakin ƙofa. Ruwan sama ya wanko ta ƙasa, shi ya sa zanenta daga sama ya ke gangarowa, ba ya tafiya a kwance.

Ƙura iri biyu ce. Jar ƙasa da taɓon damina daga ƙasa su ke tasowa, sun fi kauri wajen ƙafafu, suna raguwa in an yi sama. Ƙurar hunturu kuwa fara-fara ce, daga sama ta ke sauka, ta kwanta bisa rufi da ko wane ɗan tudu.

Rana ta kan koɗar da fenti, rufi ne kuwa ya fi shan ta. Baƙin mai yana taruwa a akwatin da ƙafa ke juyawa ciki, da bakin tanki inda a ke ɗura mai. A zamanin injin kwal hayaƙi ya kan bar kunkunniya bisa rufi. Kaya ma su kan bar shaidarsu: farin siminti a bakin ƙofa, baƙin kwal a cikin buɗaɗɗen tarago, kashin shanu a katakan ƙasa.

Wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe kullum ba ya tsatsa. Fuskar ƙafa da saman dogo da bakin mahaɗi sheƙi su ke yi.

Kayan aikin duka suna bayan aji. Jar ƙasa a tace ta da ƙyalle. Toka da garin alli su tsaya wa ƙurar hunturu, garin gawayi ya tsaya wa kunkunniya da mai. Tsatsa kuwa ta gaske za mu samu: a jiƙa tsofaffin ƙusoshi ko soson ƙarfe a ruwan gishiri kwana kaɗan, a shanya, a kankare garin. A fara shafa wa tarago fenti marar ƙyalli ya bushe sarai, don kwali ba ya shiri da ruwa. Sa'an nan a bi da bi: a koɗar da rufi da alli, a sa ƙura da tsohon buroshin haƙori, a ɗiga tsatsa da tsinke a ja ta ƙasa da auduga, a sa baƙin mai, daga ƙarshe a goga bakin fensir inda a ke son sheƙi. A fesa ruwan ƙaro tsararo kaɗan don garin ya zauna.

Abin nan kamar gishiri ne a miya, ƙarawa da sauƙi, ragewa da wuya. Yara su kan so su zuba da yawa, sai malami ya tsai da su bayan ko wane shafi, a ja da baya taki uku a duba. Kada kuma taragai goma su tsufa daidai wa daida. A bar ɗaya sabo ful, biyu ko uku su tsufa tuɓus, saura tsaka-tsaki, gama haka jirgin gaske ya ke.

YADDA ZA A SAN AIKI YA YI

In an gama, a kira yaro daga wani aji wanda bai sa hannu ba. A nuna masa tarago guda, kada a gaya masa kome, a yi masa tambaya uku: me wannan ya ɗauko, ina ya nufa, ya daɗe yana aiki ko sabo ne? In ya dubi huhun goro ya ce arewa za shi, ya dubi tsatsar bakin ƙofa ya ce ya sha hanya, to, taragon ya faɗi gaskiya, waɗanda suka ƙera shi kuwa sun san abin da su ke yi. A cikin mako shidan nan sun yi rabawa da awo, sun yi tarihi da labarin ƙasa, sun taɓa kimiyya, abin da muka saya da kuɗi kuwa fenti ne da ƙusa kaɗai.

Ina roƙon 'yan'uwa da za su fita gwajin koyarwa a zango mai zuwa su jarraba wannan, musamman waɗanda za a tura Minna ko Kaduna ko Zariya, inda za su iya neman izinin ma'aikatan reluwe su auna taragon gaske. Wanda ya samo awo, ko ya gano dabarar mahaɗi da ta fi tamu, ya aiko wa Edita a buga a wannan shafi don kowa ya amfana. Allah ya taimake mu bisa aikin da mu ka sa gaba, amin.